Yadda ake auna jiki a gida da tef ɗin tela da sikeli, da yadda ake karanta abin da awon ya nuna

Na daɗe ina yi wa mutane wannan awon, 'yan gidanmu da maƙwabta da abokan da muke fita motsa jiki da asuba, kuma abin da na lura shi ne yawancinmu sikeli kawai muka sani. Mutum ya hau sikeli a kemis ko wajen yaran nan masu yawo da shi a tasha, a ce masa kilo 78, ya ce toh, ya sauka ya tafi, bai san ko 78 ɗin nan alheri ba ne ko akasin haka. Ni kuwa in za a ce in zaɓi awo ɗaya tak in bar sauran, ƙugu zan zaɓa ba nauyi ba, zan faɗi dalili idan mun zo wajen.

Kayan da za ka tanada

Tef irin na tela, mai laushin nan da yake da inci a fuska ɗaya santimita a ɗaya fuskar, yawanci tsawonsa inci 60 ne wato kusan santimita 150. Ka duba kar ya zama tsohon da ya sha ja har ya miƙe, don irin wannan ƙarya yake yi. Sai sikelin da ake hawa, sai bango mai santsi da daɓe wanda ba shi da tudu da kwari, littafi mai kauri ko katako mai kusurwa, fensir, agogo mai hannun daƙiƙa ko wayarka, da ɗan littafin rubutu wanda za ka keɓe don wannan aikin kaɗai. Idan akwai na'urar awon hawan jini a gidan madalla, in babu kar ka damu, akwai ta a kemis da ƙananan asibitocin unguwa. In kuma tef ɗin ma babu, nemi igiya ko zare mai kauri wanda ba ya talewa, zai yi maka rabin aikin.

1. Fara da tsayi

Wannan sau ɗaya za ka yi shi ka huta in dai ka gama girma. Cire takalmi da hula, mace ta cire ɗankwali, in akwai gammon kitso ko acuci a tsakiyar kai a yi la'akari da shi don ƙashin kai ake nema ba gashi ba. Jingina da bango, diddige da ɗuwawu da kafaɗu su taɓa bangon, ka kalli gabanka sak, kar ka ɗaga haɓa sama kamar mai gadara. Wani ya ɗora littafin a kanka, gefe ɗaya ya manne da bango, ya sa alama da fensir a ƙarƙashin littafin. Sai a auna daga ƙasa zuwa alamar. Tunda tef ɗin 150 ne kawai, a auna santimita 100 daga ƙasa a sa alama, sannan a auna ragowar a haɗa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya auna kansa da kansa, yana ɗaga hannu kafaɗa ta karkace littafin ya goce. Nemi mai taimako. Sannan mutum ya fi tsawo da safe kan yamma da kamar santimita ɗaya ko fiye, saboda ƙashin baya yana ɗan dannewa da yini, don haka kar ka yi mamaki in ka ga bambanci. Wanda ya auna da inci ya ninka da 2.54 ya samu santimita.

2. Nauyi

Da safe ake yi, bayan ka zaga bayi, kafin ka karya, da kaya marasa nauyi. Na sha ganin mutum ya hau sikeli da babbar riga da takalmi sau-ciki da waya biyu da makullai a aljihu, wannan kam kayan ka auna. Ajiye sikelin a kan siminti ko tayil, banda kan darduma ko katifa ko yashi. In mai allura ne ka tabbatar allurar tana kan sifili kafin ka hau, akwai ɗan abin murzawa a jikinsa da ake daidaita ta. Tsaya a tsakiya ƙafa biyu daidai, kar ka dafa bango.

Kana so ka san ko sikelinka na da gaskiya? Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Hau ka duba, sannan ka ɗauki galan mai lita 5 cike da ruwa ka sake hawa, ya kamata ya ƙaru da kilo 5 da ɗan ɗoriya ta nauyin galan ɗin. In ka ga ya ƙaru da 3 ko 7 to sikelin ya tashi aiki.

Sau ɗaya a sati ya isa, rana ɗaya, sikeli ɗaya. Nauyin mutum yana iya motsawa da kilo ɗaya zuwa biyu tsakanin safe da dare saboda ruwa da abinci kawai, mata kuma sukan ga ƙari gab da al'ada, masu azumi su ga ragi kafin shan ruwa ya dawo bayan sun sha. Wanda yake hawa kullum safe da yamma fargaba kawai zai tara wa kansa.

3. Haɗa tsayi da nauyi, wato BMI

Nauyi shi kaɗai ba ya cewa komai sai an san tsayin mai shi, kilo 78 a jikin dogon Bafillace daban yake da kilo 78 a jikin gajere. Lissafin da ake kira BMI wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya fito da shi tun wajen shekarun 1830, sunan kuma sai a 1972 wani Ba'amurke Ancel Keys ya raɗa masa. Ga yadda ake yi: mayar da tsayinka mita, ka ninka shi da kansa, sai ka raba nauyinka da abin da ya fito.

Misali tsayinka santimita 170, wato mita 1.70. Ninka 1.70 sau 1.70 ya ba ka 2.89. In nauyinka kilo 70 ne, 70 a raba da 2.89 ya ba da 24.2. In kilo 85 ne ya ba da 29.4. Ko mace mai tsayin mita 1.60, ninkinsa 2.56, in kilo 45 gare ta ya zama 17.6, in kilo 80 ne ya zama 31.3. Kalkuletar waya ta isa.

Yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka shi ga manya: ƙasa da 18.5 rama ce, 18.5 zuwa 24.9 daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, 30 zuwa sama ƙiba ce da ake ɗauka a matsayin matsalar lafiya. Kenan mai tsayin 1.70 ana so ya zauna tsakanin kilo 54 da 72 ko kusa da haka.

Inda mutane ke ɓata lissafin shi ne su sa 170 maimakon 1.70, sai amsa ta fito 0.002 su rikice, ko su ninka tsayin da biyu maimakon su ninka shi da kansa. Amma babban abin da nake so ka riƙe shi ne BMI bai san tsoka ba bai san kitse ba. Ɗan dambe ko ɗan kokawa ko mai dako a kasuwa wanda jikinsa duk tsoka ne zai iya fitowa 27 alhali lafiyarsa ƙalau, shi kuma malamin ofis mai siraran hannuwa da ƙafafu da tumbi a gaba ya fito 23 a ce masa daidai yake, alhali shi ne ke cikin haɗari. Kuma wannan yankan ba na yara ba ne, ba kuma na mai juna biyu ba.

4. Ƙugu, wanda shi ne zuciyar aikin

A nan zan daɗe. Kitsen da ke taruwa a cinya ko damtse ko mazaunai bai kai kitsen cikin ciki sharri ba, wanda yake lulluɓe hanji da hanta, shi ne aka fi alaƙantawa da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya. Mu kuwa a wajenmu da zarar mutum ya ajiye tumbi sai a fara ce masa Alhaji, ai hutu ya zo, naira ta zauna. Babbar riga da jallabiya kuma sun iya rufa asiri, mutum zai yi shekara biyar ciki na ƙaruwa bai ankara ba tunda wandon mai zariya ne, sassautawa kawai yake.

Abu na farko, awon ƙugun da tela yake maka ba shi ake nufi ba. Tela yana auna inda wando ke zama, mai tumbi kuwa a ƙarƙashin tumbin yake ɗaura wando, sai ka ji yana cewa ai ni ƙuguna 34 ne tun ina saurayi. Eh wandon 34 ne, cikin kuma ya kai 41.

Ga yadda ake yi. Tsaya a miƙe ƙafafu kusa da juna, ɗage riga tef ya taɓa fata ko a kan 'yar singileti mara kauri. Laluba da yatsa ka nemo ƙashin haƙarƙari na ƙarshe ta gefe, sannan ka nemo saman ƙashin ƙugu, tsakiyar waɗannan biyun nan ne wajen awo, ga yawancin mutane yana faɗawa daidai cibiya ko ɗan sama da ita. Zagaya tef ɗin, ka tabbatar bai karkace ba ta baya, madubi na taimakawa ko wani ya duba maka. Yi numfashi yadda ka saba, bayan ka fitar da iska sai ka karanta. Kar ka shanye ciki, wallahi kusan kowa sai ya yi wannan ba tare da ya sani ba, ni kan sa mutum ya yi magana ko ya ƙirga ɗaya zuwa goma da ƙarfi sannan in karanta. Tef ya kwanta a fata kawai, kar ya nutse. Auna sau biyu, in bambancin ya wuce santimita ɗaya ka sake.

Ga namiji, daga santimita 94 wato inci 37 haɗari ya fara, daga 102 wato inci 40 ya yi yawa sosai. Ga mace daga santimita 80, inci 31 da rabi, ya fara, daga 88 kusan inci 35 ya yi yawa. Amma hanyar da na fi so, don ta fi sauƙin riƙewa kuma tana la'akari da dogo da gajere, ita ce ƙugunka kar ya kai rabin tsayinka. Mai tsayin 170 ya zauna ƙasa da 85, mai 160 ƙasa da 80. In ka raba ƙugu da tsayi ka samu 0.5 zuwa 0.59 kitsen ciki ya fara yawa, 0.6 zuwa sama kuwa magana ta girma. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ma ta sa wannan a shawarwarinta a 2022.

A nan ne igiya ke aiki ga wanda ba shi da tef. Yanki igiya daidai tsayinka daga ƙasa zuwa tsakar kai, ninka ta biyu, zagaya ta a ƙugu. In bakunan sun haɗu har da saura, alhamdulillahi. In sun ƙi haɗuwa ka san akwai aiki a gabanka. Ba lissafi ba karatu, har kakarmu sai da na yi wa, ta yi ta dariya tana cewa yau kuma ni aka mayar buhun gero.

Kar a yi wannan awon bayan an ci tuwo an ƙoshi, ko lokacin da ciki ya kumbura da iska. Mai ciki ba ta yi, mai jego ma ta bari sai jiki ya koma. In kuma ciki ne ke girma alhali sauran jiki na ramewa, ko ya yi tauri kamar ganga, wannan ba tumbin hutu ba ne, ruwa na iya taruwa a ciki saboda ciwon hanta ko zuciya ko ƙoda, asibiti za a nufa.

Akwai masu ƙarawa da awon mazaunai, a auna inda ya fi faɗi a raba ƙugu da shi, namiji kar ya kai 0.90 mace kar ta kai 0.85. Ni ban cika yi ba, na ƙugu da tsayi ya wadatar.

5. Bugun zuciya

Zauna ka huta minti biyar, mafi kyau ma da asuba kafin ka sauko daga gado. Ɗora yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, danna a hankali har ka ji yana harbawa. Banda babban yatsa don shi ma yana da nasa bugun zai ruɗe ka. Ƙirga na daƙiƙa 30 ka ninka biyu. In ka ji bugun ba ya tafiya daidai, yana tsalle ko yana ɗan tsayawa, ƙirga minti ɗaya cur.

Babba a zaune ana sa ran 60 zuwa 100 a minti. Masu gudu da 'yan ƙwallo sukan sauka 50 ko ƙasa kuma lafiya lau ne, zuciyarsu ce ta yi ƙarfi take tura jini da yawa a bugu ɗaya. Shi ya sa wannan awon yake da daɗi ga wanda ya fara motsa jiki, bayan wata biyu ko uku na tafiyar sauri za ka ga lambar ta ɗan sauko tun kafin sikeli ya nuna komai. Goro, shayi mai kauri, kofi, taba, zazzaɓi, ƙishirwa, tsoro, duk suna ɗaga shi, don haka kar ka tauna goro ka zo kana ƙirge. In kullum yana sama da 100 kana zaune ba zazzaɓi, ko yana ƙasa da 60 tare da jiri da kasala kai kuma ba ɗan wasa ba, je a duba ka, ƙarancin jini ma yana kawo saurin bugu musamman ga mata.

6. Awon jini

Hawan jini ba ya sallama. Mutane na jiran ciwon kai ko jiri kafin su auna, alhali da yawa ba sa jin komai sai ranar da aka ce ɓarin jiki ya shanye. In ka haura shekara 40, ko akwai shi a gidanku, ko igiyar nan ta ƙi haɗuwa, ka mayar da awon jini al'ada.

Minti 30 kafin awo ba goro ba kofi ba taba ba aikin ƙarfi, ka yi fitsari tukuna. Zauna a kujera ka jingina baya, tafin ƙafa a ƙasa kar ka harɗe, huta minti biyar. Ɗaura maɗaurin na'urar a damtse kan fata, ɗan sama da gwiwar hannu kamar faɗin yatsu biyu, hannun a kan tebur daidai ƙirji. Kar ka yi magana yana aiki, wannan ne ya fi ba ni wahala da mutane, ana awo suna ba ni labari. Yi sau biyu da tazarar minti ɗaya ko biyu ka rubuta duka. Mai kaurin damtse ya nemi babban maɗauri, ƙarami yana ƙara lamba ta ƙarya. Na'urar damtse ta fi ta wuyan hannu aminci.

Lamba biyu za ka gani, ta sama da ta ƙasa. Wajen 120 bisa 80 shi ne ake so. In ta sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90 a ranaku biyu daban-daban, wannan hawan jini ne sai a ga likita, awo ɗaya ba ya yanke hukunci. In ka ga 180 bisa 120, ka huta ka sake ya ƙi sauka, a ranar za ka je asibiti, in kuma da ciwon ƙirji ko nauyin baki ko mutuwar hannu ko gani dishi-dishi to a take. Mai juna biyu da ta ga 140 bisa 90 kar ta jira ranar awo, balle in da ciwon kai da kumburin fuska, hanyar jijjiga kenan. Kuma dan Allah wanda aka ɗora a kan magani kar ya daina don ya ga lamba ta yi kyau, maganin ne ya sa ta yi kyau.

7. Yara, awon damtse

Ga yaro ɗan wata 6 zuwa wata 59 akwai awon da ya fi komai sauƙi wajen gano tamowa, iyaye mata da yawa sun san tef ɗin nan mai launi uku da ake amfani da shi a asibiti. Hannun hagu ake yi. Lanƙwasa hannun yaron, nemo ƙashin saman kafaɗa da tsinin gwiwar hannu, sa alama a tsakiya, sannan a saki hannun ya sauka sakwa-sakwa a zagaya tef a kan alamar, ba matsewa ba sako-sako. Kore shi ne santimita 12.5 zuwa sama. Rawaya 11.5 zuwa ƙasa da 12.5, tamowa ta fara. Ja ƙasa da 11.5, tamowa mai tsanani, a kai shi asibiti ba sai gobe ba. In babu mai launin, tef ɗin tela ta fuskar santimita zai yi, sai dai a lura sosai don rabin santimita a nan magana ce babba.

A haɗa da wannan: danna saman ƙafafun yaron biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku ka ɗaga. In rami ya zauna a duka biyun, kumburin tamowa ne ko da tef ya nuna kore, kar a ce yaro ya yi ƙiba. Sauran awon girman yaro kuma katin asibitinsa ne ke nunawa, a riƙa kai shi ana ɗora shi a sikeli ana cikewa.

8. Rubutawa

Ja layi a littafinka, kwanan wata, nauyi, ƙugu, bugun zuciya, awon jini, da ɗan fili na abin da ya faru a satin, ko ka yi zazzaɓi, ko azumi ake, ko an sha biki. Nauyi sati-sati, ƙugu sau ɗaya a wata ya isa don ba ya saurin motsi, bugun zuciya duk lokacin da ka tuna da asuba.

Abin da za ka riƙa dubawa shi ne inda lambobin suka dosa cikin wata uku ko shida. Wanda ya fara motsa jiki yakan ga sikeli ya tsaya cak amma ƙugu ya ragu da santimita biyu ko uku, sai ya karaya ya ce ba ya aiki, alhali kitse ne ke tafiya tsoka na zuwa. Mai son rage nauyi ya nufi kamar rabin kilo a sati, shayin rage tumbi da ake tallatawa yawanci gudawa da fitsari yake sa ka, ruwa ne ke fita, tef zai tona asirinsa. Sai kuma ɗaya gefen wanda ba a cika magana a kai ba: in nauyi na zubewa ba ka nema ba, kamar mai kilo 70 ya rasa kilo 4 ko fiye cikin wata shida ba tare da ya canza ci ko aiki ba, musamman in da yawan fitsari da ƙishirwa, ko tari da ya wuce sati biyu da zufar dare, a gwada suga da tarin fuka. Haka in nauyi ya yi tsalle da kilo biyu ko uku cikin 'yan kwanaki ƙafafu suka kumbura, ruwa ne ba kitse ba. Ranar da za ka je asibitin ka tafi da littafin a aljihu ka miƙa wa likita.